Yadda Ake Jin Daɗin Littattafan Tarihi, Yanayi, Tatsuniya da Zaman Jama'a

Akwai mai karatun da zai cinye ƙagaggen labari mai shafi 300 a dare biyu, amma in ka miƙa masa littafin tarihin garinsu sai ya shafe wata guda bai wuce shafi na 20 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu a aji muka fara haɗuwa da irin waɗannan littattafai, inda ake karanta su don a haddace shekaru da jerin sunayen sarakuna, a juye a takardar jarrabawa, a manta. Wanda ya tashi a haka, ko ya daɗe da barin makaranta, da zarar ya buɗe littafin tarihi sai ya ji nauyi ya hau kansa.

Alhali kuwa littattafan da ba ƙagaggu ba suna da wani daɗi nasu na daban. Kana rufe littafin ka fita waje sai ka tarar da abin da ka karanta yana nan, ganuwa ce, ko rijiya, ko sunan unguwa, ko wata magana da kakarka take yi ba ka taɓa sanin mafarinta ba. Sharaɗin dai shi ne kada ka karanta su a rarrabe. Littafin tarihi zai gaya maka abin da ya faru, na yanayi ya gaya maka halin da sama da ƙasa suke ciki a lokacin, na zamantakewa ya nuna maka wanda abin ya fi taɓawa a cikin gida, tatsuniya kuma ta riƙe maka abin da mutane suka kasa mantawa. Ga yadda ake haɗa su, mataki bayan mataki.

Da farko, samo tambaya

Kada ka ce za ka karanta tarihin ƙasar Hausa. Wannan ya yi faɗi, kuma faɗin ne yake kashe gwiwa. Nemi tambaya ɗaya ƙarama wadda ta tsaya maka a rai. Me ya sa a cikin birnin Kano ake da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa? Me ya kai fatake Salaga da Kumasi har suka kafa zango suka zauna? Yaya aka yi aka sami garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan? Kowace ɗaya daga cikinsu za ta iya riƙe ka shekara guda kana karatu ba ka gaji ba, domin amsa kake nema, ba shafi kake ƙirgawa ba.

Tambayar da zan riƙe a nan don misali ita ce ta yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara shiga hannun manoma. Shekara ɗaya bayan haka damina ta gaza, mutane suka yi ta mutuwa daga ƙasar Kano da Katsina har Damagaram. Shin fari ne kaɗai ya yi wannan ɓarna, ko akwai abin da ya riga ya raunana mutane kafin farin ya zo? Na zaɓi wannan tambaya ne domin babu littafi ɗaya da zai amsa ta shi kaɗai.

Na biyu, zaɓi littafin da zai buɗe maka ƙofa

Littafin farko ya zama mai muryar mutum a ciki, in da hali kuma da Hausa. Kundin digiri na uku ba wurin farawa ba ne, komai ingancinsa. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a juzu'i biyu a farkon shekarun 1930, yana ɗauke da fassarar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, har da tarihin sarakunan Kano. Akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Hausarsu mai daɗi ce, kuma ba sa wahalar da mai karatu.

Ga mai jin Turanci, ban san ƙofar da ta fi Baba of Karo ba. Baba tsohuwa ce da aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. A bakinta za ka ji yadda ake zaman gandu, yadda mahara suke kama mutane a gona a nemi kuɗin fansa, yadda ƙawance yake tsakanin mata, da yadda zuwan Turawa ya kasance a idon matar ƙauye, wanda ba daidai yake da yadda gidan sarauta ya gan shi ba. Wanda ya karanta wannan littafi kafin ya taɓa littattafan masana, in ya ci karo da kalmar "talakawa" a cikinsu zai riƙa ganin fuskoki.

Ina ake samunsu? Tsofaffin littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya har yanzu suna ɓullowa a shagunan littattafai da wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da jami'o'i. Akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da na Murtala Muhammad a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken zamantakewar ɗan'adam ta IRSH a Yamai. Littattafan da suka haura shekara 100 kuwa, da yawansu suna nan kyauta a Internet Archive. Ka sauke su a waya lokacin da kake da data, ka karanta bayan ka kashe intanet, don kada saƙonni su riƙa fizge ka.

Na uku, bincika littafin kafin ka amince masa

Kafin shafin farko, ka nemi amsar abu huɗu: wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma wa ya ɗauki nauyinsa. Minti goma a kan wannan yana canza duk karatun da zai biyo baya, kuma a ganina daga nan ne daɗin yake farawa, domin ka tashi daga mai sauraro ka koma mai auna magana.

Ɗauki tarihin sarakunan Kano. Ya fara da Barbushe a Dutsen Dala, ya bi ta kan Bagauda, da Yaji wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, da Muhammadu Rumfa, har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Rubutu ne na fada, saboda haka yaƙi da ganuwa da naɗin sarauta ne suka cika shi. Manomi ba ya bayyana sai in abu ya ɓaci, kamar inda aka ambaci yunwar shekara 11 a zamanin Muhammadu Zaki. Sannan ainihin rubutun tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Shekarun da muke haddacewa, irin su 999 ga Bagauda ko 1463 zuwa 1499 ga Rumfa, lissafi ne da H. R. Palmer ya yi da baya da baya lokacin da ya buga fassararsa ta Turanci a 1908. Sanin haka ba ya rage darajar littafin. Yana dai nuna maka inda za ka jingina da ƙarfi da inda za ka taka a hankali.

Ko kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a farkon 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Ya ji Hausa da Barbarci da Larabci, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya yi dogon bayani a kan saƙa da rini da inda tufafin Kano suke kaiwa. Ido ne mai kaifi. Amma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma hanyoyin ciniki na cikin abin da aka aiko su nema. Baƙo ne kuma, abin da masu masaukinsa suka nuna masa shi ya fi gani, inda aka ɓata masa rai yakan bayyana a hukuncinsa. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi nazari na musamman a kan abin da Barth ya rubuta game da Katsina don nuna yadda ake tace irin wannan shaida. In kana son ka ga tafiyar ta ɗaya ɓangaren, nemi labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Turai ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885.

Haka za ka yi da rahoton kowane Joji ko Razdan, wato jami'an Turawan mulkin mallaka. Wanda aikinsa tara haraji ne, in ya rubuta cewa yunwar ba ta yi tsanani ba, sai ka tuna wa zai karanta rahoton.

Na huɗu, yi wa kanka taswira da jerin shekaru

Falle ɗaya ya isa. A gefe guda zana taswira da hannunka, ko ba ta yi kyau ba: Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Alƙalawa, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram, Agadas, Kukawa, da Tafkin Chadi. Kada ka zana iyakar Nijeriya da Nijar sai ka iso zamanin da aka shata ta. A ɗaya gefen rubuta shekaru kamar goma waɗanda za ka riƙa rataya sauran a jikinsu: 1804 hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, 1808 faɗuwar Alƙalawa, 1817 rasuwar Shehu, 1899 ɓarnar rundunar Voulet da Chanoine a Birnin Ƙonni da karonsu da Sarauniya a Lugu, 1903 cin Kano da Sakkwato da yaƙin Burmi, 1906 boren Satiru, 1911 jirgin ƙasa, 1913 fari, 1960 'yancin kai, 1973 da 1984 manyan fari biyu. Ka sa takardar a cikin littafin ta zama alamar shafi.

In ka haɗu da shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da ta Miladiyya. Hijirar Shehu a 1218 aka yi ta, lissafin zai ba ka tsakanin 1803 da 1804.

Na biyar, karatun kansa

Ba dole ba ne ka bi littafin ilimi daga bango zuwa bango. Karanta gabatarwa a tsanake, domin a nan marubuci yake faɗin da'awarsa. Tsallaka ka karanta kammalawa. Sannan ka buɗe jerin kalmomin da ke ƙarshen littafin ka nemi garinku, ko "yunwa", ko "haraji", ka je shafukan kai tsaye. Bayan haka ne za ka san babin da ya cancanci zama da wanda za ka bi ta kansa da sauri. Babin da ya cika da muhawarar masana a kan ra'ayoyin junansu, ka wuce shi a karon farko, ba laifi.

Riƙe fensir. Alama uku sun wadatar: ɗaya ga abin da ya ba ka mamaki, ɗaya ga abin da ba ka yarda da shi ba, ɗaya ga abin da za ka tambayi wani babba. In littafin aro ne, yi alamar a littafin rubutunka tare da lambar shafi. Bayanan ƙasan shafi kuma kada ka raina su, a nan ake gane ko marubuci ya zauna da mutane ne, ko takardun ma'adanar tarihi ta Kaduna ya dogara da su, ko kuwa maganar wani ya kwafo. Sau da yawa littafinka na gaba a can yake ɓoye.

Shafi goma bayan sallar asuba, kullum, sun fi shafi ɗari a ranar hutu ɗaya. In ka gama babi, rufe littafin ka faɗi abin da ya ce da bakinka, da Hausa, cikin jimla uku. In ya gagara, babin bai shiga ba tukuna.

Na shida, haɗa littattafan da suka saɓa wa juna

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne armashi, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutum ya karanta littafi ɗaya ya ɗauke shi a matsayin yankakkiyar magana, sai karatun ya mutu a nan. Magabatanmu ba haka suka yi ba. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya kwafo wasiƙun Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno, wanda yake ƙalubalantar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, yana cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Bello ya kawo maganar abokin jayayyarsa sannan ya ba da amsa. Ka karanta ɓangarorin biyu a natse kafin ka ce ga mai gaskiya. Daga nan ka nemi yadda waɗanda aka ci da yaƙi suka riƙe labarin: Gobirawan Tsibiri, Katsinawan Maraɗi, da Zagezagin da suka kafa Abuja, wato Suleja ta yau, waɗanda Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihinsu.

Mu koma kan Kakalaba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya fitar da Silent Violence a 1983. Da'awarsa ita ce fari tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma mutane suna da garkuwarsu: rumbun da ake ajiye hatsin shekara fiye da ɗaya, gandu, zakka, taimakon dangi, da haƙƙin da talaka yake da shi a kan mai sarauta in abinci ya yanke. Mulkin mallaka ya zo da harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya, ba ya sassautawa don damina ta gaza, ya tilasta wa manomi sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ba shi da daraja. Da farin ya zo sai ya tarar da rumbuna a buɗe. Michael Mortimore kuwa, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano kuma ya bi rayuwar ƙauyen Dagaceri shekara da shekaru, ya fitar da Adapting to Drought a 1989. Shi ya fi mai da hankali ga dabarun mutane: cin rani, sana'ar hannu, sayar da akuya don a sayi hatsi, haɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri a gona ɗaya. Ɗaya yana nuna maka abin da aka yi wa manomi, ɗaya yana nuna maka abin da manomi ya yi wa kansa. Ni dai na fi karkata ga cewa ba a fahimtar 1913 sai da Watts, ba a kuma fahimtar yadda ƙauyuka suka tsira a 1973 sai da Mortimore. Kai kana iya ganin akasin haka, muddin ka karanta su biyun.

In ka ƙara da Rural Hausa na Polly Hill, wanda ta rubuta a kan Batagarawa aka buga a 1972, za ka ga cewa ko a ƙauye ɗaya yunwa ba ta kama kowa daidai. Akwai mai sayar da hatsi da bazara, akwai mai barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani a daidai lokacin noma.

Na bakwai, littafin yanayi

A nan ne alƙaluma suke korar mutane. Abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, duk inda ka ga matsakaicin ruwan sama na shekara, ka tuna manomi ba da matsakaici yake shuka ba. Abin da ya dame shi shi ne ranar da ruwan shuka ya sauka, ko an yi ɗaukewar ruwa bayan tsiro, da ko damina ta kai gero ya nuna. Ka nemi inda littafin ya yi maganar rabuwar ruwan a cikin watanni. Na biyu, duk zanen da aka nuna maka abu yana raguwa, duba shekarar da aka fara ƙirge. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa shekarun 1980. Gaskiya ne. Amma shekarun 1950 na yawan ruwa ne ƙwarai a yankin Sahel, kuma tafkin ba shi da zurfi, yana faɗaɗa yana tsukewa tun fil azal. Littafin kirki zai gaya maka duka biyun.

Shekarar bugu tana da muhimmanci a nan fiye da ko'ina. Littattafan shekarun 1970 da yawa sun ɗora laifin fari a kan manoma da makiyaya, cewa su suka sare itatuwa suka cinye ciyawa har hamada ta kwararo. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna yana da babban hannu a gazawar daminar Sahel. A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi, gawo da sauran itatuwa suka dawo a filaye masu yawan gaske. Yau matsalar ta ƙara wata fuska, ruwa yana zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, kamar yadda mutanen Maiduguri suka gani a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Ka kuma ba kanka damar yin mamaki. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa suka kai 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau babu abin da raƙumin dawa zai ci. Sahara ta taɓa zama ƙasar tafkuna da ciyawa.

Na takwas, tatsuniya da tarihihi

Waɗannan da baki ake karanta su. Tara yara ko abokai da dare, ka ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, ka yi wa Gizo tsamin bakinsa, ka rera waƙar da ke ciki. Tatsuniyar da aka karanta a zuci rabinta ne ya iso.

Tambayar ko abin ya faru ba ta da amfani a nan. Tambayi abin da labarin yake tsoro da abin da yake karewa. Ka lura da yawan tatsuniyoyin Gizo da suke farawa da cewa ana yunwa. Ga ta Gizo da hankaki: suna ɗebo ɓaure a tsakiyar kogi, ya lallaɓe su suka ba shi fukafukai, da aka isa sai ya riƙa cewa kowane ɓaure nasa ne, suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Wanda ya karanta labarin 1913 zai gane cewa al'ummar da ta san yunwa ce take koya wa 'ya'yanta hukuncin mai haɗama a lokacin rashi. Labarin Bayajidda ma a bakin rijiya ya ƙullu, rijiyar Kusugu da ba a ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a. A wasu ruwayoyin kuma an raba wa Hausa Bakwai ayyuka: Kano da Rano sarakunan baba, wato shunin rini, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau na bayi. Ko ba ka ɗauke shi a matsayin rahoton abin da ya auku ba, ya zana maka tattalin arzikin ƙasar a zamanin masu ba da shi.

Su ma waɗannan littattafai a bincike su kamar sauran. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar ya fito a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta masa da ajami aka mayar boko. Na R. S. Rattray, wanda ya fito a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi a ƙasar da ake kira Ghana yau, kuma an buga shi da ajaminsa. To, tatsuniya yawanci fasahar mata ce ta cikin gida da dare, amma maza ne suka rubuta wa maza baƙi. Ka tambayi kanka abin da ya zube a hanya. Ƙa'idar rubutunsu ta tsufa, shafukan farko za su yi maka tauri, amma in kana furtawa kunne zai warware abin da ido ya kasa. Don sauƙi, fara da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya.

Na tara, fita da littafin waje

Gani ya kori ji. Hau Dutsen Dala bayan ka karanta labarin Barbushe, ka dubi inda ganuwa ta bi. Shiga Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko unguwar Birni a Damagaram. In kuna da majalisa, ku ware yamma ɗaya a mako, mutum ɗaya ya karanta shafi biyar a fili, in da Turanci ne ko Faransanci ya fassara, sauran su tofa albarkacin bakinsu. Wanda bai yi boko ba sau da yawa shi zai gyara muku sunan wuri ko na ciyawa.

Waɗanda suka ga Kakalaba sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka ga 1973 da 1984 suna nan da ransu. A Nijar ana kiran ta 1984 El Buhari saboda rufe iyaka da aka yi a lokacin. Je ka gaishe su yadda ya kamata, ka zauna a ƙasa, kada ka shiga da littafi a hannu kana gyara musu zance. Kada ka ce a wace shekara ce. Ka ce, "Inna, lokacin farin nan kina gidan miji ko ba a kai ki ba tukuna?" Ka ce, "Baba, wane sarki ne a kan gado? Nawa aka sayar da tiya?" Tambayi abin da aka ci. Za ka ji tafasa da yaɗiya, da anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da tsabar ƙarangiya, da tonon gidan tururuwa. Tambayi mata daban, domin su suka san yadda aka raba ɗan abin da ke tukunya. In tsoho ya yi shiru a kan wani abu, ka bar shi, akwai abin da ba a so a tuna.

Nemi izini kafin ka ɗauki murya a waya. In kun gama, rubuta ranar da wurin da wanda ya yi maganar. Inda bakinsa ya saɓa da littafi, rubuta su biyun gefe da gefe, kada ka goge ko ɗaya, ka nemi mutum na uku daga wani gari ko wani gida ka sake tambaya. Muryar kuma ka ajiye kwafinta a wuri na biyu tun a ranar, ka tura wa wani ɗan'uwa ko ka sa a kwamfuta, domin waya tana ɓata tana kuma lalacewa.